Ƙugiyar Motar Ɗan Tani

Assalamu alaikum, Uwata.

Gaisuwa daga ubanki Mamman, mai sudir, wato walda, na bakin tashar Dakoro. Allah ya sa kin sauka Maradi lafiya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa, ya raba ki da abokai irin ubanki. Na cusa takardar nan cikin jakar ordinater ɗinki, kwamfutar nan taki, don na san ita za ki fara buɗewa tun ba ki wanke ƙafa ba. Da cikin ƙullin kilishin innarki na sa ta, da abokan ɗakinki sun riga ki karantawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda ubanki ya tsaya a karatu. Abu guda nake roƙo: kar ki kunna injin nan sai kin kai ƙarshe.

Ranar Talata kinka kira ni ɗaki kinka ce, "Baba, zo ka ga ƙugiyarka." Na zo ina dariya, ina tambayar ko kin koya mata gaisuwa. Kinka buɗe gilashin ordinater, sai ga ta. Ƙarfen da ya shekara ashirin rataye a bangon garajina, wanda kinka ƙare hutunki kina aunawa da ma'auninki mai baki, ga shi tsaye, ba ƙusa ba igiya, bayansa baƙi ƙirin, babu sama babu ƙasa. Kinka murza ɗan ɓeran nan, ta juya a hankali, ta nuna mini ciki, ta nuna mini baya, ta kwanta, ta tashi. Kinka ce, "Ko kaurin gashi ban rage ba, Baba. Yadda take a bango haka take a nan. In na kai wa injin yanka ƙarfe na lakkol, makarantarmu, ko ɗari ake so zai fitar, kowace kamar ƴar'uwarta." Kin tuna na ce zan zagaya? Bayan rumbu na je na tsaya don kar ki ga fuskata.

Kin san aikin ƙugiya, ita ke juya ƙafar gaba in direba ya murɗa bolan, wato sitiyari. Kin kuma san ta kanti ba ta yi wa motocinmu, tunda mu ƙara lam muke, faifan ƙarfen nan masu ɗaukar nauyin mota, mu ɗaga katkat, motar daji, saboda rairayi da lodi, sai an ƙera wata mai zurfin lanƙwasa. Shi ya sa Kawunki Sani da direbobin layin Azagor ke jiran ki dawo musu da sababbi, suna ta yi mini kirari wai ɗiyata za ta fitar da su kunya. Abin da ba ki sani ba shi ne wadda kinka auna karkatacciya ce, kuma ba ni na ƙera ta ba. Daga motar mamaci na ciro ta.

A da, mutum ɗaya ne ya iya wannan ƙugiya a duk ƙasar nan, wani tsohon maƙeri mutumin Azagor, Agali. Shi ya yi wa Ɗan Tani tasa. Ɗan Tani direba ne mai hannu, bai taɓa ko taka akuya ba. Wata ranar kasuwa ya ɗauko lodi ya zo gangaren nan mai laushi da ke kafin kwari, motar ta bar hanya ta yi hagu ta rungumi wata aduwa. Ya rasu nan take, shi da wata mata da ke zuwa suna. Mu kuwa a tasha muna da ƙa'ida tun kafin a haife ni: motar da ta sha jini ba a cire mata ko ƙusa. Inda ta faɗi nan ake barin ta, rairayi ya yi aikinsa.

Lokacin innarki na da cikinki, ni kuma ba abin da ke kaina sai neman wanda zan sa a yi wa dariya. Abokina Ilu direba, wanda yau kike gani da sanda a bakin masallaci, matsoraci ne na gaske, ko mage ta yi atishawa sai ya yi a'uziyya. Na ce yau zan gama da shi. Na ari moto, wato babur, na tafi gangaren da kile na kwance noti a aljihu, na isa rana tsaka. Uwata, ban taɓa jin shiru irin na wurin ba. Ba iska, ba tsuntsu, ko ƙuda babu. Takalmin matar ɗaya yana nan gindin aduwa. Na kwanta ƙarƙashin motar na kama kwance ƙugiyar hagu. Da goron ƙarshe, wato notin, ya saki, sai na ji ƙara a samana, ƙiiii, a hankali. Na leƙo. Bolan ne ke juyawa shi kaɗai, ya yi rabin zagaye zuwa hagu ya tsaya. Na ce wa kaina ƙarfe ne ya huce daga matsi, kuma wataƙila haka ne. Amma ban san lokacin da na hau moto ba.

Duk da haka ban fasa ba. Na naɗe ta a tsumma na ajiye kan kujerar Ilu. Da ya buɗe na ce, "Ɗan Tani ya aiko maka, wai ka riƙe masa kafin ya dawo." Ilu ya fita ba takalmi, ya bi ta kan tiren mai shayi, bai tsaya ba sai kasuwar dabbobi. Mako guda tasha na dariya. Wani dattijo kaɗai ya ce mini in mayar, na ce to, na rataye ta a bango.

Ga nasiha ta farko, ki riƙe. Duk ƙarfen da anka kawo miki a ce ki zana irinsa, kafin ki buɗe ma'auni ki buɗe baki. Daga wace mota ya fito, da ƙafarta ta zo ko janyo ta anka yi, wa ya kwance shi, don mi. In mai shi ya fara kallon ƙasa, ki mayar masa da abinsa. Ke ba ki tambaye ni ba don ni ubanki ne, kin ɗauka abin da ke bangon uba ba ya ƙarya. Ko ni ne, ki tambaya.

Bayan shekara biyu Agali ya makance, ƴaƴansa sunka tafi da shi daji. Direbobi sunka rasa mai yi musu ƙugiya. Sai na ɗaga kai na ga ta Ɗan Tani a bango, na ce ai ga malami kyauta. Na samo ƙarfen aksil, na hura wuta, ina lanƙwasawa ina ɗorawa a kanta, har sai da haske ya daina wucewa tsakaninsu. Uku na yi. Ɗaya na sa wa Ilu, ɗaya wani Balarabe da ya sayar da motarsa arewa daga baya, ɗaya Kawunki Sani. Na yi ta yawo a tasha ina cewa ko Agali da idonsa ba zai raba tasa da tawa ba. Gaskiya na faɗa, kuma nan ne masifar take. Ƙarfen ya daki itace da lodin kasuwa a bayansa, ni kuwa ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko dukan ya canza shi ba.

Da ina makarantar allo na taɓa jin ƙyuyar zuwa gaban malam, na kwafi darasina daga allon na kusa da ni. Rubutuna ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Ashe ya tsallake harafi, ni ma na tsallake shi da kyakkyawan hannu. Malam ya ba shi bulala biyu, ni ya ba ni biyar. Na ce, "Malam, ai shi ya ɓata." Ya ce, "Shi mantuwa ya yi. Kai ka ga rami ka ƙawata shi." Na sha bulalar ban ɗauki karatun ba.

Injinki ya fi ni kyawun hannu sau dubu, kuma ba ya zuwa gaban malam. Abin da kinka ba shi, shi zai riƙe, ba ya tsatsa balle wani ya yi shakka, ba ya gajiya balle ya tsaya a uku. Saboda haka ta biyu: kar ki auna matacce ki yi wa mai rai. Ki shiga ƙarƙashin motar da za a sa wa abin, ki ɓata zanenki da maiƙo, ki auna daga rami zuwa rami tana fanko, a ɗora mata buhuna ki sake aunawa, a murɗa bolan dama da hagu kina kallo. Sannan ki koma ki zana. Na san ƴan lakkol ba su son kwanciya a ƙasa, amma ke jikar masu kwanciya a ƙasa ce, kar ki yi mini yanga.

Ta ukun ita ta fi nauyi, kuma saboda ita na kasa faɗa miki da baki.

Ba a yi wata biyu ba Ilu ya zo garaji ya ce, "Mamman, motar nan lafiya lau take a kan tudu. Amma in na zo gangaren Ɗan Tani da lodi, sai in ji kamar an kama bolan an ja hagu." Sani na zaune yana shan shayi, ya ajiye kofi ya ce, "Wallahi ni ma." Zuciyata ta ce mini ƙugiya. Na ji ta sarai. Amma mutane na kallona, kuma ni ne mai hannun Agali, sai bakina ya riga ni. Na ce, "Ku ma dai, mutum shi kaɗai gindin aduwa shekara biyu, ba zai nemi abokin hira ba?"

Na jira dariya. Ba wanda ya yi.

Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta kai Azagor ta kai Bader Goula. Direbobi sunka fara jefa dabino da sukari gindin aduwar in za su wuce. Anka ɗaura layu a bolan. Fasinja na yin shiru tun daga saman gangare, mata na rufe wa yara ido. Har waɗanda ba ƙugiyata ke motarsu ba sunka fara rantsuwa ana jan su. Ba wanda ya sake kawo mini mota a duba, don mi za a duba? An san mai ja. Wasan da na yi ya zama bargon da ya rufe aikina, ni kuma na ji daɗin ɗumin.

Kina shekara huɗu motar Ilu ta kife a gangaren, taki goma daga ta Ɗan Tani. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma ƙafarsa ta dama a likitar Maradi ta tsaya. Na je gaishe shi. Ya kama hannuna ya ce, "Ka yi gaskiya, abokina. Mun ɗauka wasa kake. Na ji hannunsa a kan nawa, sanyi ƙalau." Na ce Allah ya sawwaƙe. Abin da na ce ke nan. Na dawo na ce wa Sani ya riƙa rage lodi yana riƙe bolan da ƙarfi a wurin, ya ce ai ya sani, yana ma ƙara dabino. Tun ranar ban sake ƙera ƙugiya ba, na ce wa mutane wuta na ɓata mini ido. Ta Balarabe kuwa ban san inda take ba. Wani lokaci ina cikin sudir sai in tuna akwai wata mota can arewa da ke neman hagu a kowane gangare, mai ita bai ma san sunan Ɗan Tani ba.

In direba ya zo ya ce miki abu na ja, ko yana kaɗawa, ko yana kuka, ki yarda da shi ko da gilashinki ya rantse komai daidai ne. Shi ke zaune a kan abin da iyalan mutane a bayansa. Kuma kin gaji bakina, na sani, na ji yadda kike yi wa ƙannenki. Ki yi wasa da kowa a kan komai, ban hana ki ba, gidan da ba dariya kurkuku ne. Amma ranar da anka zo miki da ƙorafi a kan aikinki, in kinka ji wata magana mai daɗi ta taso miki a harshe, ki haɗiye ta. A irin wannan lokacin ne ta fi zuwa da sauri.

Yanzu ga abin da ya faru bayan Talata. Kin tuna kin danna wani abu ƙugiyar hagu ta koma ta dama, kamar a madubi, kinka ce ai ɗaya ce aka juya? Wannan ya hana ni sukuni. Shekara ashirin ban taɓa tunanin haɗa ta da ƴar'uwarta ba, alhali ƴar'uwar na nan inda na bar ta, tunda duk ƙasar nan ni kaɗai ne marar kunyar da ya taɓa motar. Ranar Alhamis na sauke ta daga bango, ba ki ma lura ba, na hau moto. Na so in isa da hantsi, taya ta yi faci a hanya, sai ga ni a wurin rana tsaka kamar wancan karon.

Rairayi ya cinye motar har tagogi. Gindin aduwa dabino ne busasshe tuli guda, ko tururuwa ba ta taɓa shi ba. A kan gangaren ga sawun taya sabo, ya taho tsakiyar hanya, ya karkata hagu kamar zai zo gaisuwa, sannan ya fizge ya koma. Na gane sawun, tayoyin Sani ne, ni na yi musu faci.

Na yi ta tono da hannu da faranti har na kai ga ƙugiyar dama. Na kwance ta da ƙyar, na share, na haɗa su baya da baya. Uwata, yatsuna biyu sun shige tsakaninsu. Yatsu biyu. Na karyo kara na yanke daidai ratar, ga shi nan cikin takardar, ki auna da ma'auninki ki gaya wa kanki ko milimeta nawa ne ƙafar Ilu.

Na mayar da ta dama. Na ce tunda na zo, ita ma ta hagu ta koma gidanta. Na ɗaura ta, na yi wa mamatan addu'a ina kwance a ramin. Ina ɗaure goron ƙarshe na ji ƙiiii a samana. Motar da ta shekara ashirin cikin rairayi, tsatsa ta haɗe komai nata. Ban leƙa ba. Na fito da baya, na tura ƙasa na rufe ramin, ban juya ba sai da na hau tudu. Ba na ce miki ga abin da ya yi ƙarar ba. Abin da kunnena ya ji na faɗa miki.

Jiya bayan masallaci na zauna kusa da Ilu na gaya masa duka, tun daga tsumman da na ajiye masa a kujera. Ya ce, "Shekara nawa ina aika wa bawan Allah dabino, ashe kai ya kamata in jefa." Na ɗauka zai yi dariya, bai yi ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba yau ba, Mamman. Tashi ka je wurin Sani kafin ya yi lodin gobe." Na miƙe, sai ya riƙe mini riga. Ya ce, "Tsaya. Mu ƙugiyarka ta ja mu, na ji. Shi Ɗan Tani fa, da tasa ke miƙe, wa ya ja shi?" Na zare rigata na nufi wurin Sani. Abin da ke aunuwa ki auna shi har ƙarshe, wanda ba ya aunuwa ki bar wa Mai shi, amma kar ki ɓoye na farko a bayan na biyu yadda na yi.

Sani bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya sauke lodin da hannunsa, ya ɗora motar kan duwatsu, ya ce ba za ta sake taka gangaren ba sai ɗiyar ƙanwarsa ta zo ta auna ta da kanta. Gidansa da motar nan suke ci, kin sani. Don haka ki yi karatu da gaske, hutun farko ki taho da ma'auninki.

Ta ƙarfe na mayar wa rairayi. Saura wadda ke cikin jakarki, ita kuwa hannuna ba ya kai gare ta. Kin ce kin riga kin aika wa malaminku ta salula don ya gani kafin ki iso. Gobe tun kafin a shiga aji ki same shi, ki ce a goge, in ya tura wa wani a bi sawu har can. In ya tambayi dalili kar ki rufa mini asiri, ki ce ubana ya kwafi karkatacciya ya yi shiru, mutum ya rasa ƙafa. Na san aikin hutunki ne gaba ɗaya, na ga yadda kike kallon ta. Za ki zana wadda ta fi ta, mai tsayuwa a kan hanya.

Allah ya tsare mini ke daga sharrin ƙarfe da na wuta da na baki. Allah ya sa duk abin da zai fito daga hannunki ya kai mutane gidajensu. Ya jiƙan Ɗan Tani da matar da ke tare da shi, ya sanyaya zuciyar Ilu a kaina. Innarki na gaishe ki, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba tukuna, yau zan gaya mata.

Yanzu kina iya kunnawa. Amma in ta fito, kar ki tsaya juya ta kina kallo. Ki yi bisimilla ki goge.

Ubanki,
Mamman